Lomar da Ta Ƙi Wucewa: Nazarin Ciwon Nyasha a Cikin Nervous Conditions

Gabatarwa

A karo na farko da na karanta Nervous Conditions, ƙagaggen labarin Tsitsi Dangarembga, ban ji tausayin Nyasha ba. Na ɗauke ta sangartacciyar 'yar masu hali. Ga abinci a gabanta safe da rana da dare, ga gado, ga littattafai, alhali 'yar ƙanin mahaifinta, Tambu, sai da ta noma masara da hannunta kafin ta sami kuɗin makaranta. Yarinyar da ke cikin wannan ni'ima ta ture akushi, na ce a raina, butulci ne kawai. Da na sake karanta littafin bayan wasu shekaru, sai na lura cewa hukuncin da na yanke mata shi ne wanda mahaifinta ya yanke mata, kuma shi ne wanda likitan farko da aka kai ta wurinsa ya yanke. Abin ya dame ni, domin littafin ya riga ya nuna inda irin wannan hukunci yake kai yarinya.

Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin yadda marubuciyar ta gina ciwon ƙin cin abinci da ya kama Nyasha, da auna fassarori uku da aka yi wa ciwon: ta likita, da ta mahaifiyar Tambu, da ta manazarta adabi. Ra'ayina shi ne kowace daga cikinsu ta kama wani ɓangare ta saki yarinyar, kuma ƙarfin littafin yana cikin yadda ya hana mai karatu hutawa a kan ɗaya daga cikinsu.

Littafin da Marubuciyarsa

An haifi Dangarembga a 1959 a ƙasar da ake kira Rodeshiya ta Kudu a lokacin, wato Zimbabuwe ta yau. Ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Ingila, ta fara karatun likita a Jami'ar Kambirij, sannan ta koma gida ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Zimbabuwe. An buga littafin a Landan a 1988, ya kuma ci kyautar marubutan ƙasashen rainon Ingila ta yankin Afirka a 1989. Sunan littafin ya fito ne daga gabatarwar da Jean-Paul Sartre ya rubuta wa littafin Frantz Fanon na 1961 kan mulkin mallaka, inda ya siffanta zaman wanda aka mallaka da zaman rashin natsuwar zuciya.

Labarin ya gudana ne a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, bayan gwamnatin tsirarun Turawa ta Ian Smith ta ayyana 'yancin kanta daga Birtaniya a 1965. Mai ba da labarin ita ce Tambudzai, wato Tambu, 'yar ƙauye wadda ba ta sami gurbi a makarantar mishan ba sai da yayanta Nhamo ya rasu. Baffanta, Babamukuru, shi ne shugaban makarantar, kusa da garin Umtali da ake kira Mutare a yau. Shi da matarsa Maiguru sun yi shekara biyar suna karatu a Ingila tare da 'ya'yansu biyu, Chido da Nyasha, waɗanda suka dawo harshen Shona ya kusa suɓuce musu. A harshen Shona ma'anar Babamukuru ita ce babban uba, kuma a zahiri shi ne uban dangi gaba ɗaya: shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ke kawo cefane, shi ke yanke shawara.

Abinci a Matsayin Ma'aunin Daraja

Kafin Nyasha ta ƙi cin ko loma ɗaya, marubuciyar ta riga ta koya wa mai karatu yadda ake karanta abinci a wannan dangi. A walimar tarbar Babamukuru daga Ingila, an ɗora wa Tambu aikin zagayawa da ruwan wanke hannu, kuma wajibi ne ta bi jerin girma, daga babba zuwa na ƙasa da shi, ba tare da kuskure ba. Maza da manyan baƙi suna ci a cikin ɗaki. Matan da suka yi girkin suna ci a madafa abin da ya rage a tukunya, bayan nama ya kusa ƙarewa. A hutun Kirsimeti kuma, Babamukuru ya kawo rabin sa domin ciyar da mutum fiye da 20, amma ƙaramin firijin da ke gidan bai iya ɗaukar naman duka ba. Da sauran ya fara lalacewa, sai aka riƙa ware mai kyau ana dafa wa manyan maza. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa tafsirin wannan tsari. Mun san wa ake fara zuba wa, mun san wa ake tsame wa tsoka, mun san wa ke kankare ƙanzo.

Haka ma labarin gonar Tambu. Da aka ce babu kuɗin da za a biya mata makaranta, ta nemi iri ta shuka masara, yayanta ya riƙa sace ɗanyar masarar yana raba wa abokai. Malaminta ya kai ta Umtali domin ta sayar, wata tsohuwar Baturiya ta ba da fam 10 saboda tausayi. A nan abinci ya zama kuɗi, kuɗi ya zama ilimi, ilimi ya zama hanyar tsere wa talauci. Ga Tambu, ci shi ne ci gaba.

A gidan mishan tsarin bai canza ba, kayan aikin ne suka canza. Akwai tebur da wuƙa da cokali mai yatsu, akwai 'yar aiki da ake kira, amma Maiguru, mai digiri na biyu wadda albashinta ba ya shiga hannunta, ita ke lallaɓa mijinta da zuba masa abinci kafin kowa. A daren farko na Tambu a gidan, Nyasha ta ɗebi abinci ba tare da ta jira mahaifinta ya gama ɗiba ba, aka yi mata faɗa. A wannan zaman ne ta gano an ɗauke littafin D. H. Lawrence da take karantawa, ta yi magana, aka tsawata mata, ta tashi ta bar abincin. Abin lura shi ne tun daga nan faɗan da ya faro a kan littafi ya ƙare a kan faranti. Babamukuru bai da amsar da zai ba ta game da littafin. Abin da yake da shi shi ne ikon cewa ta zauna ta cinye abincinta.

Hausawa suna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ita ce dokar teburin Babamukuru. Abincin da yake samarwa shaida ce ta wahalar da ya sha, kuma cinye shi alama ce ta godiya da biyayya. Saboda haka idan 'yarsa ta bar abinci, a ganinsa shi ta bari. Marubuciyar ba ta mai da shi azzalumi tsantsa ba. Mutum ne da 'yan mishan suka rena bisa sharaɗin ya zama Baƙar fata mai ladabi, ya ɗauki nauyin dangi tun yana yaro, kuma duk wani motsi na 'yarsa yana ganinsa barazana ga mutuncin da ya gina da ƙyar. Shi ma ladan wasu ya ci, kuma askinsu yake yi.

Yadda Ciwon Ya Taso

Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda ciwon ya shigo labarin a hankali, har mai karatu ya wuce alamominsa kamar yadda mutanen gidan suka wuce su. Da farko zance ne na 'yan mata: Nyasha tana nuna ta fi son siririn jiki, abin da ya ɗaure wa Tambu kai, domin a ƙauyensu cikar jiki ita ce kyau. Sai lokacin jarrabawa ya zo, ta duƙufa ga karatu har ta rame, kowa ya ce ƙwazo ne. Sai daren rawa na makaranta, inda ta daɗe a waje tana hira da wani yaro Bature, mahaifinta ya jefe ta da kalmar karuwanci ya mare ta, ita kuma ta rama. Bayan wannan dare ta janye jikinta, ta yi kwanaki kamar ba ta gidan.

Da Tambu ta ci jarrabawar shiga kwalejin 'yan mata ta Sacred Heart, wadda matan ɗarikar Katolika ke gudanarwa, Nyasha ta rasa mutum ɗaya tilo da take iya buɗe wa cikinta. A wasiƙunta ta riƙa kukan kaɗaici, cewa 'yan ajinsu suna ƙyamarta saboda Turancinta da raunin Shonarta. A ɗaya daga ciki ta ambaci, cikin raha, cewa ta fara rage cin abinci domin ta hore jikinta ta kuma shagaltar da tunaninta. Tambu, wadda sabuwar makaranta ta ɗauke wa hankali, ba ta kula ba. Da ta dawo hutu ta tarar da ƙashi da fata. Ta ga yadda ake yi: uba ya ba da umurni a ci, Nyasha ta haɗiye abincin da sauri ba tare da musu ba, sannan ta shiga banɗaki ta sa buroshin goge haƙori a maƙogwaro ta amayar.

Wannan hoto ya ƙunshi dukan matsalar. A kan tebur an sami biyayyar da ake nema, a bayan ƙofa an warware ta. Uba ya gamsu, uwa ta yi shiru, yarinya tana ƙarewa. Ranar da ta suma a kan farantinta, mahaifinta ya ɗauka wasan kwaikwayo take yi. Sai da ta kai ga daren da ta yayyaga littafin tarihinta da haƙora, ta farfasa madubai da tukwanen da ta gina da hannunta, ta ji wa kanta ciwo, kana ta nemi uwarta ta rungume ta kamar jaririya, sannan aka yarda cewa ba ta da lafiya.

Abin da marubuciyar ta siffanta ya dace da abin da likitoci suka sani. Likitan Ingila William Gull da na Faransa Charles Lasègue sun bayyana ciwon ƙin cin abinci, wato anoreksiya, a 1873. Nau'in da ake ci a amayar, wato bulimiya, sai a 1979 Gerald Russell ya bayyana shi a matsayin ciwo mai suna, shekaru bayan zamanin da labarin ya gudana. Yawan tilasta amai yana rage sinadarin fotashiyam a jini, wanda kan iya rikita bugun zuciya, kuma ruwan ciki yana cinye haƙora. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Fassara ta Farko: Likita

An kai Nyasha Salisbury, wato Harare ta yau. Likitan ƙwaƙwalwa na farko, Bature, ya ce 'yan Afirka ba sa kamuwa da irin wannan ciwo, don haka rigima ce kawai, a mai da ita gida a tsare mata gida. Sai da ɗan'uwan Maiguru ya dage aka nemi wani likitan, wanda ya kwantar da ita.

Wannan likita ba ƙirƙirar banza ba ce. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers kan tunanin mutumin Afirka, wanda ya yaɗa ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar Baƙar fata ba ta da zurfin da za ta ɗauki wasu cututtukan zuciya. Irin wannan ra'ayi ne likitoci kamar Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta suka yi ta ƙalubalanta. A 1984, shekara huɗu kafin fitowar littafin, wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta buga rahoton anoreksiya a jikin wata Baƙar fata 'yar Zimbabuwe, kuma abin da ya sa rahoton ya cancanci bugu shi ne ana ganin abin baƙo ne. Kuskuren likitan Nyasha ya fito ne daga zaton cewa inda ake fama da yunwa ba za a sami mai ƙin abinci ba. Wanda ya yi imani cewa ciwo ba ya nan ba zai neme shi ba, wanda bai nema ba ba zai rubuta ba, sai rashin rubutun ya koma hujjar cewa ciwon ba ya nan. Abin takaici a cikin labarin shi ne maganar likitan ta yi wa Babamukuru daɗi, domin ta tabbatar masa da abin da yake so ya ji.

Fassara ta Biyu: Mahaifiyar Tambu

Mahaifiyar Tambu ta ɗora laifin a kan Turanci da ɗabi'un Ingila. A ganinta su ne suka raba ta da ɗanta Nhamo tun kafin ya mutu, su ne suka kama Nyasha, kuma suna nan tafe ga Tambu. Saboda wannan magana ta zo a kusa da ƙarshen littafin, masu karatu da yawa sukan ɗauke ta a matsayin hukuncin marubuciyar. Akwai gaskiya a cikinta. Son siririn jiki Nyasha ta zo da shi ne daga Ingila, kuma bincike ya nuna cewa irin wannan sha'awa tana iya ƙaura: Anne Becker da abokan aikinta sun ga ƙaruwar tilasta amai domin rage ƙiba a tsakanin 'yan matan wani yanki na Fiji cikin shekara uku bayan shigowar talabijin a 1995.

Amma marubuciyar ta ajiye wani abu da ke raunana wannan fassara, kuma a jikin mai fassarar ta ajiye shi. Lokacin da Babamukuru ya yanke cewa Tambu za ta tafi kwalejin Katolika ba tare da an saurari uwarta ba, matar nan da ba ta taɓa zuwa Ingila ba ta daina ci, ta daina wanka, ta daina kula da jaririnta. Sai da ƙanwarta Lucia ta ja ta zuwa kogin Nyamarira, ta tilasta mata shiga ruwa, ta dafa mata abinci, sannan ta farfaɗo. Ita ma Tambu, a safiyar bikin cocin da Babamukuru ya shirya wa iyayenta, bikin da take ganin zai mai da su abin dariya, bakinta ya kasa cewa a'a sai jikinta ya ƙi tashi daga gado, ta kuma sha bulala 15 a kan haka. Mata uku ke nan, 'yar ƙauye da 'yar mishan da wadda ke tsakani, kowace jikinta ya yi magana a inda aka hana bakinta. Ba na cewa ciwonsu ɗaya ne. Na uwar ya fi kama da matsananciyar damuwa. Abin da nake cewa shi ne tushen da suka haɗu a kai yana cikin gidan tun kafin kowa ya hau jirgi. Ingila ta ba wa ciwon Nyasha kamanninsa, gida ya ba shi wurin zama.

Fassara ta Uku: Manazarta

Fassarar da ta fi karɓuwa a ajin adabi ita ce ta ɗaukar ciwon a matsayin alama. Bisa wannan karatu, abincin da Nyasha take amayarwa shi ne ilimin mulkin mallaka da mulkin maza da ake ɗura mata, jikinta kuma fagen tawaye ne. Hujjar tana da ƙarfi, domin littafin tarihin da ta yaga da haƙora ya haɗa ci da karatu a wuri guda, kuma sunan littafin kansa yana gayyatar a karanta shi tare da Fanon.

Duk da haka ina jin tsoron wannan karatu idan aka tsaya a kansa. Yana mai da yarinya mai shekara goma sha 'yan kai jarumar gwagwarmaya, ya mai da ramarta nasara. Mai tawaye yana zaɓen lokacin farawa da lokacin dainawa. Nyasha ta wuce wannan matsayi. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, an rage wa lafiyayyun maza 36 abinci na tsawon wata shida, sai suka koma masu yawan fushi, masu janye jiki daga mutane, waɗanda ba su da tunani sai na abinci. Darasin shi ne yunwa da kanta tana sauya tunani, ta yadda abin da ya faro da dalili yakan koma yana ciyar da kansa bayan dalilin ya gushe. Nyasha ta fi kowa a littafin fahimtar halin da suke ciki, tana iya warware wa Tambu yadda aka mallake su dalla-dalla, amma fahimtar ba ta sa ta iya riƙe loma a cikinta ba. Tawayen nata kuma bai taɓa Ian Smith ba, bai sauya Babamukuru ba. Ita kaɗai ya ci.

A nan ne na ga manazarci mai tausayi yana iya faɗawa ramin da likita mai wariya ya faɗa. Likita ya ce wasa take yi, manazarci ya ce saƙo take isarwa, dukansu biyu sun ɗauke ta mai nuni da wani abu, ba mara lafiya ba. Littafin ya fi su adalci, domin bayan an gama fashe-fashe da jawabi, abin da ya bar mu da shi shi ne yarinya a cinyar uwarta.

Inda Littafin Ya Yi Rauni

Ba zan ɓoye cewa akwai wuraren da ban gamsu ba. Na farko, wani lokaci maganar Nyasha takan fi ƙarfin shekarunta, har mai karatu ya ji kamar marubuciyar ce ta ari bakinta domin ta isar da nazarin siyasa. Wannan ne ma ya buɗe ƙofa ga karatun alama da na soka a sama. Na biyu, babin ƙarshe ya yi gaggawa. An ba rikicin Lucia da Takesure da shirin biki shafuka masu yawa, amma mafi munin matakin ciwon, da tafiya asibiti, da jinya, an dunƙule su cikin 'yan shafuka, kuma an rufe labarin ba tare da tabbacin makomar Nyasha ba.

Ana iya kare marubuciyar da cewa idon Tambu ne muke gani da shi, kuma Tambu ba ta nan lokacin da abin ya tsananta. Gaggawar labarin ita ce gaggawar yarinyar da ke son komawa makarantarta ta manta. Babbar Tambu mai ba da labari ta san wannan, kuma akwai nadama a muryarta. Na karɓi wannan kariya rabi. Ta bayyana dalilin giɓin, amma ba ta cike shi ba: mun san abin da Nyasha take tunani game da tarihi da mulki, ba mu san abin da take ji a cikin daren da take ita kaɗai da yunwarta ba.

Abin da Ya Shafe Mu

Mai karatu a ƙasar Hausa yana iya cewa matsalarmu ta bambanta, tunda a wurinmu an daɗe ana ɗaukar cikar jiki alamar hutu da kyakkyawar kulawa, har wasu mata suna shan magungunan ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, ga kuma yara masu fama da tamowa. Wannan gaskiya ne, amma ita ce daidai hujjar likitan Salisbury. Mai shan magani domin ta cika da mai amai domin ta rame, ma'aunin wasu suke ƙoƙarin cikawa da jikinsu. Kuma wayar hannu ta kawo wa 'yan matanmu hotunan da talabijin ta kai Fiji.

Adabinmu ma ya san yarinyar da ta daina ci. A littattafan soyayya na Hausa an saba ganin budurwar da aka yi wa auren dole ta kwanta ta ƙi abinci har ta rame. Sau da yawa marubuci yakan yi amfani da ramar a matsayin shaidar so, da zarar an ba ta wanda take so sai ta murmure cikin shafi guda. A gida kuwa mukan ce shagwaɓa ce, ko sammu, ko iska. Abin da Dangarembga ta ƙara shi ne ta ɗauki ƙin cin da muhimmanci a kan kansa, ta nuna cewa yana iya zama ciwon da ba ya tafiya don an biya buƙata. Abin sha'awa ne cewa ɗaya daga cikin hanyoyin jinya da suka fi tasiri ga matasa a yau, wadda aka haɓaka a asibitin Maudsley na Landan, tana dogara ne ga iyaye su zauna da ɗiyarsu a wurin cin abinci su taimaka mata ta ci, cikin haƙuri, ba tare da zargi ba, suna raba ta da ciwon a tunaninsu. Babamukuru ma ya zauna da 'yarsa ya ce ta ci. Bambancin shi ne mutuncinsa yake karewa, don haka ya ga abokiyar gaba a inda ya kamata ya ga majinyaciya.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa ciwon Nyasha ya tsiro ne daga tsarin da littafin ya shimfiɗa tun daga farko, inda abinci yake auna daraja, cinsa kuma yake nuna biyayya. Likita ya musanta ciwon, mahaifiyar Tambu ta jingina shi ga baƙi kaɗai, manazarta kuma sun ɗaukaka shi zuwa alama. Karatun da na ga ya fi dacewa shi ne wanda zai riƙe abu biyu tare: ciwon yana da tushe a tarihi da tsarin gida, kuma ciwo ne mai kisa da ke buƙatar magani. Dangarembga ta ci gaba da labarin Tambu a The Book of Not a 2006 da This Mournable Body a 2018, amma tambayar da littafin farko ya bar mini tana nan. A gidan da kowa ya yi karatu, an zauna tebur ɗaya da yarinyar nan wata da watanni tana ƙarewa, kuma ba a yarda ba ta da lafiya ba sai da ta fasa madubi. Ni ma da na fara karantawa ban yarda ba, alhali an ajiye mini dukan alamomin a kan takarda.